Gurbi Uku a Katin Jibina

Na rubuta wannan ne domin ku matasan ikkilisiyarmu, musamman waɗanda suka miƙe a taron da ya wuce suka ce aikin magatakarda ba aiki ba ne, wai wayar hannu guda ta isa ta gama shi a yini ɗaya. Ina zaune a gefen tebur na ji maganar, na kuma rubuta ta a littafin taro yadda aka faɗe ta, da sunan wadda ta faɗa, domin aikina ke nan. Ban amsa a wurin ba. Yanzu da zan miƙa makullin akwati bayan shekara ashirin da shida, ga amsata, kuma ina roƙo ku kai ƙarshenta kafin ku yi dariya.

Akwatin na ƙarfe ne, kore, yana ɗakin bayan majami'a a kan bulo huɗu saboda gara. A cikinsa akwai littafin baftisma, da na aure da rasuwa, da babban littafin 'yan ikkilisiya mai baƙin bango. Akwai rula, da fensir, da biro shuɗi, da biro ja, da hatimi tare da ɗan akwatin tawadarsa. Mu kaɗan ne a gefen garin Daura: malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da masu aiki a bakin iyaka can Kongolam, da 'yan gidajen manoma daga ƙauyukan hanyar Sandamu. A taro ƙarami irin namu, abin da aka rubuta a kan mutum yana bin sa. Shi ake buɗewa ranar aurensa, shi ake buɗewa in zai koma wani gari yana neman takardar shaida, shi kuma ake buɗewa ranar da za a binne shi.

Aikin farko da Malam Bulus, wanda na gada, ya ba ni shi ne jan layi. Na zo masa da takardar kwalejin malamai, ina kuma riƙe da rajistar wata makarantar firamare, amma ya zaunar da ni wata uku ina jan layi a shafukan da babu rubutu. Da ya ga raina ya ɓaci sai ya ce abin da yake jira ke nan, yana so ya ga ko hannuna yana rawa in na ji haushi. Daga nan ya koya mini launuka. Shuɗi na abin da ya auku ne: haihuwa, baftisma, aure, tafiya, mutuwa. Fensir na abin da ake zargi ne, yana iya zama a shafi har dattawa su zauna. Ja kuwa na horo ne kaɗai, kuma ba a goge shi. Idan dattawa suka sa mutum a horo, sai a ja layi ja a ƙarƙashin sunansa, a karɓe katinsa, ya koma bencin ƙarshe, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada sau ɗaya a wata. In ya tuba aka dawo da shi, a rubuta da shuɗi a gefen shafi cewa an dawo da shi ranar kaza. Wanda mutuwa ta riska cikin horo, ba a shigar da gawarsa majami'a. Daga gida sai makabarta, da gajeriyar addu'a. Ba ni na kafa wannan ba, haka na tarar.

Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ita ce babbar ranar aikina. Ƙarfe huɗu na yamma ake sujadar shiri, inda kowa zai durƙusa shiru ya binciki kansa a gaban Allah kafin jibin kashegari. Kowane ɗan ikkilisiya yana da kati na shekara, mai gurbi goma sha biyu. Nakan kafa tebur a bakin ƙofa, mutum ya miƙo katinsa, in buga hatimi a gurbin watan, sannan ya shiga. Wanda ba shi da hatimi, ranar Lahadi ba ya miƙa hannu ya karɓi jibi. Hatimin na roba ne, in ya yi wata a akwati tawadar takan bushe, don haka sai an ɗiga mata sabuwa an gwada kafin mutum na farko ya iso. Malam Bulus a tsohuwar takarda yake gwadawa. Ni da na karɓa sai na ga ɓarna ce, tunda katina ma yana bukatar hatimi, sai na riƙa gwadawa a kansa. Bayan haka ina nan a ƙofa har a tashi, saboda masu makara, da kuma masu sulalewa.

Kuna tsammanin buga hatimi wasa ne domin ba ku san mutane ba. Akwai mai aiko matarsa da kati biyu, wai yana tafe a baya. Akwai mai karɓar hatimi ya shiga ta gaba ya fice ta ƙofar gefe zuwa gidan kallon ƙwallo; ƙarar wannan ƙofa na san ta kamar muryar 'ya'yana. Wani baƙo ya taɓa kawo mini takardar shaida daga wata ikkilisiya mai nisa, tsaf da ita, sa hannu da komai, yana neman a ɗaura masa aure da ɗaya daga cikin 'yan matanmu. Abin da ya tsaya mini shi ne takardar ba ta da ninki, alhali ya ce a aljihu ya taho da ita tafiyar kwana biyu. Na rubuta wasiƙa can, amsa ta zo cewa yana da mata da 'ya'ya uku. Wannan aiki yana koya wa mutum zargi, kuma ba zan ɓoye muku ba, mafi yawan lokaci zargina yakan zama gaskiya. Ku riƙe wannan, domin shi ya sa abin da ke biye ya yiwu.

Wata Alhamis cikin bazara, a shekarata ta goma sha tara a aikin, Dauda direba ya zo gidana. Shekara biyu ke nan yana cikin horo saboda shan giya. Ya tsuguna a ƙofar ɗaki, ya ce ya bari, yana so in sa shi a layin ganin dattawa. Idanunsa jawur suke, kuma na ji wani wari a jikinsa. Na tambaye shi, ya ce fetur ne, jarkoki ya yini yana saukewa. Na san kuma yana neman wata bazawara a cikinmu, wanda ke cikin horo kuwa ba a ɗaura masa aure. Na haɗa wannan da wancan, na ce masa ƙa'ida ita ce a kawo roƙo a rubuce, a gabatar a zaman dattawa na Asabar ɗin farkon wata, saura mako uku. Ya ce hannunsa ba ya rubutu sosai. Na ce ai 'ya'yan wansa suna makaranta, kuma mako uku ba su da yawa ga wanda ya bari da gaske. Ya ce, "To, Malam," ya tashi ya tafi. Bayan kwana goma sanƙarau ya kama shi, cikin kwana biyu ya rasu. Fasto ya aiko yana tambaya ko akwai takardar neman dawowa daga wurinsa. Na ce babu takarda. Aka ɗauke shi daga gida zuwa makabarta, ni kuma na rubuta ranar rasuwarsa da shuɗi, na rufe shafin.

Daminar waccan shekarar ita ce ta ci mana littafi. Iska ta ɗage kwano ɗaya a ɗakin baya, ruwa ya bi ta inda murfin akwatin ya yi tsatsa, na tarar da babban littafi ya kumbura kamar soso. Na naɗe shi a zane na kai wa Malam Habu, wani dattijo Musulmi mai ɗinkin littattafai da gafaka a wajen Kusugu. Da bakin wuƙa ya riƙa raba shafukan ɗaya bayan ɗaya, yana barbaɗa musu yashi mai tsabta, yana shanyawa a inuwa. Ya ce rana za ta murɗe su. Shuɗin tawada duk ya narke ya bi takarda, jan kuwa yana nan daram. Ya tambaye ni ma'anar jajayen layukan, na yi masa bayani a taƙaice. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ku ma kuna da mai jan biro. To, Allah ya sa mai riƙon sa ya fi waɗanda yake ja wa." Na ce masa wannan ba abin wasa ba ne. Ya ce shi ma ba wasa yake ba, ya ci gaba da aikinsa.

Shafukan jibi su suka fi lalacewa, don haka na sa aka yi sanarwa kowa ya kawo katinsa in kwafe. A nan na ci karo da katin Yohanna kafinta, wan marigayi Dauda, wanda ya ƙera kusan duk bencin da kuke zama a kai. Gurbi biyar a jere babu hatimi. Abin ya ba ni haushi sau biyu. Na farko, mutumin da ake shirin zaɓa dattijo ne. Na biyu, wata biyar abu yana wucewa ta gabana ban gani ba. Dalili shi ne makullin majami'a yana hannunsa, yakan riga ni zuwa ya jera benci, in na leƙa na gan shi a ciki sai in ɗauka na riga na buga masa. Ƙa'ida kuwa a fili take: gurbi shida a jere ba ciwo ba tafiya, sai gaban dattawa; in babu bayani mai gamsarwa, sai jan layi. Saura masa wata ɗaya.

Na bi lamarin yadda na saba. Na tambayi matarsa, ta sunkuyar da kai ta ce in tambaye shi. Na tambayi Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata, wadda babu abin da ke wuce ta. Ta ja kujera kusa, ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma ana ganin sa yana shiga motar Kongolam sau biyu a mako, kuma matar ta rame. Na zauna na rubuta zargi uku a takarda: ko mace, ko abin da ya kayar da ƙanensa ya kama shi, ko kuwa yana shirin barin bangaskiya ne a hankali. Ranar Laraba na shiga motar Kongolam da kaina. Na same shi a saman shagon wani ɗan kasuwa yana buga katakon rufi, ƙusoshi a bakinsa. Ya ɗago hannu ya gaishe ni, ya tambaya ko sayayya na zo. Na ce e. Wannan bai wanke shi a wurina ba. Na ce a raina mutum yana iya buga ƙusa da safe ya yi wani abu da yamma. Dauda kuwa bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya, domin a wurina shafinsa a rufe yake, kuma daidai yake.

Asabar ta shida na tsaya a ƙofa da hatimi a hannu, na kira Yohanna da ƙarfi yadda na kusa za su ji, na ce ya kawo katinsa. Ya fito, ya ce, "Ba wannan watan ba, Malam." Ya koma ya durƙusa. Da aka tashi na buɗe littafi na ja layin fensir a ƙarƙashin sunansa, a miƙe, da rula.

A zaman dattawa Fasto ya tambaye shi cikin lumana, sau uku. Ya ce babu mace, bai taɓa kai giya bakinsa ba, kuma bai bar Ubangiji ba. Aka ce to mene ne. Ya ce magana ce tsakaninsa da mutum ɗaya, ba zai faɗe ta a taro ba kafin ya faɗa wa mai ita. Na ajiye biro na ce wannan kewaye-kewaye ne, duk mai abin ɓoyewa haka yake cewa, a faɗi sunan mutumin in rubuta. Ya dube ni, sannan ya juya ga Fasto ya ce a ara masa Malam Istifanus, wato ni, mu fita waje kaɗan.

Muka tsaya a ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan majami'a. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata takarda da aka yago daga littafin makaranta, ta sha ninki har ta yi laushi. Rubutun 'yar Yohanna ne, da sa hannun Dauda a ƙasa, a karkace. Ya ce ran nan daga gidana Dauda ya wuce shagonsa, ya zauna a kan dusar katako ya ba shi labarin yadda muka yi, aka rubuta masa roƙon a ranar, ya sa a aljihu yana jiran Asabar ɗin farkon wata kamar yadda na umarta. Sai bayan binnewa, da aka zo raba tufafinsa, aka gan ta.

"Ba takardar ce ke cina ba, Malam," in ji shi. "An tambaye ka, ka ce babu takarda. Ba ka ce ya zo ba."

Na fara kawo masa ƙa'ida. Ya ce ya san ƙa'ida, shi ya ƙera bencin ƙarshen da hannunsa. Ya ce bai fito da ni domin ya tuhume ni ba, ya fito da ni ne domin in san abin da zan rubuta. Kowace Asabar yakan durƙusa ya duba ko ya yafe mini, ya tarar bai yafe ba. Ya yi addu'a, ya yi azumi, abin yana nan. Ya ce ba zai miƙa hannu ga ƙoƙon Ubangiji da wannan a cikinsa ba, ya yi wa Allah rabi da rabi; in horo ne a sa shi, ba zai yi musu ba, domin laifin a zuciyarsa yake, ba a tawa ba.

Sai ya ce yana da tambaya ɗaya, ba don raini ba. "Shekara nawa ina jera benci, ban taɓa ganin ka a ciki ranar Asabar ba. Kai a ina kake yin naka?"

Na ce ya je ya duba katunana, babu gurbi ko ɗaya.

"Na sani, Malam," in ji shi. "Kai ne mai hatimin."

Da muka koma ciki na roƙi dattawa su saurare ni. Na faɗa musu cewa Dauda ya zo gidana neman dawowa, na mayar da shi domin ban yarda da shi ba, kuma da aka tambaye ni na amsa da abin da yake gaskiya a takarda na ɓoye sauran. Fasto ya ce ya isa, ba sai an rubuta wannan ba. Na ce a wannan ikkilisiya abin da ba a rubuta ba kamar bai faru ba ne, kuma abin da ya cuci Dauda ke nan. Tunda ni ne magatakarda, ni zan rubuta. Na rubuta. Na goge layin fensir ɗin Yohanna a gabansu. Jan layin Dauda ba ya goguwa, wanda aka binne kuma ba a sake binne shi, amma dattawa suka yarda na manna takardarsa a gefen shafin, na rubuta da shuɗi: ya zo neman dawowa, magatakarda ya mayar da shi. Na sa hannu. Aka karanta a sujada ranar Lahadi, ina zaune.

Asabar ɗin jibi da ta biyo, na yago tsohuwar takarda na gwada hatimi a kanta. Da ƙarfe huɗu ta yi na rufe tawada, na shiga na durƙusa. Zan gaya muku abin da na tarar, domin shi ne ainihin darasin sana'ar. Ban iya ba. Idona a rufe, amma ina lissafa waɗanda ba su zo ba. Ƙofar gefe ta yi ƙara, na san wanda ya fita. Na san laifin kowa a ɗakin nan da ranar da ya yi shi da shafin da yake, nawa kuwa ban san ta inda ake fara neman sa ba. Shekara goma sha tara ina tsaron ƙofar wurin da ban taɓa shiga ba, ina cin jibi da hatimin gwajin tawada. Na tashi ban buga wa kaina ba. Kashegari ƙoƙo ya zo gabana, hannuwana suna kan gwiwa, dattijon da ke riƙe da shi ya tsaya yana jira har na girgiza masa kai.

Ikkilisiya ta ɗauki magana. Mama Rifkatu ta ja matata gefe ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma an ga Malam ya shiga motar Kongolam wata Laraba. Raina ya ɓaci ƙwarai da na ji, sannan na tuna wanda ya saba zuwa neman irin wannan labari a wurinta.

A wata na biyu Yohanna ya zo bakin ƙofa kamar kowa, ya bi layi, ya ajiye katinsa a kan tebur ya ce, "Buga, Malam." Na buga. Ya ɗauka, ya dubi nawa da ke gefen tawada, ya ce ni fa. Na ce, "Ba wannan watan ba." Ya gyaɗa kai ya shiga. Sai a wata na huɗu na buga wa kaina, bayan an tashi daga sujadar, ba kafin ta ba, kuma haka nake yi har yau.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Malam Istifanus ya ce a daina bincike. Ban ce ba. Har gobe in aka kawo mini takarda marar ninki zan rubuta wasiƙa, kuma wanda zai gaje ni ya koyi ƙarar ƙofar gefe. Ku sa sunayen a waya in kun ga dama, ruwa ba zai ci su ba. Amma ku nuna mini inda za a manna takardar Dauda a cikinta. Abin da nake cewa shi ne, wanda aka ba jan biro ya shiga ya durƙusa kamar kowa, ya yi wa kansa tambayoyin da yake wa mutane, da tsananin da yake yi musu, tun kafin ya ɗauki rula.

In kun buɗe akwatin za ku ga katunana a ɗaure da zare, ashirin da shida. Ɗaya na ware shi a sama. Na san ku, wata rana wani mai son tsabta a cikinku zai ga gurbi uku babu hatimi a katin tsohon magatakarda, ya ɗauka mantuwa ce, ya ce bari ya cike. Kada ya kuskura. A cikinsu duka, shi ne na farko da ya faɗi gaskiya.